Mai Gadin Rijiya ta Bakwai

Daga tashar auna ruwa, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda nake a nan. Gwiwata ta hagu ce kawai take tuna mini shekaruna duk lokacin da zan hau matakalar madatsa, amma da sauƙi. Ya idonki? Wancan karon kin ce yana yi miki yaji. Ki riƙa ɗaga kai daga allon nan, ido ba a sayen sabonsa a kasuwa.

Kada ki yi fushi na kira ki da sunan da kika ce a daina. Na san yanzu kin zama babba, mai rubuta sharhin wasannin bidiyo, mutum dubu nawa ne ma suke karanta ki? Ni dai a wurina Tsinke ce ke har gobe.

Labarin nan bai canza ba. Sau uku a yini nake sauka in duba sandar awo, in rubuta tsayin ruwa a littafi, in faɗa wa ofis ta rediyon aiki. Mutumin ofis ya ce "an ji", ya kashe. Hirata ke nan da ɗan Adam. Dogo, abokin aikina da muke kwana ɗaki ɗaya, an mayar da shi gari wata biyu da suka wuce, ba a kuma turo kowa ba. Gadonsa na nan, na jibga masa kwalaye don in daina kallonsa. Sabis kuwa kin san babu, waya ta koma agogo da tocila. Motar kayan abinci duk bayan mako uku take zuwa, ita ke kawo mini wasiƙarki. Ba zan ɓoye miki ba, cikin dangi kaf ke kaɗai ke rubuto mini, ke da sai an zauna an yi lissafi kafin a gane inda muka haɗu: kakarki da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani. Na kusa sun ce takarda ta tsufa, in na fito gari ma yi waya.

To, ga buƙatata. Faifai ukun da na zo da su na cinye su har ƙashi. Na tseren motocin nan, wallahi ko ido a rufe ina shan kwanarsa. Ki samo mini sabo guda ɗaya mai tsawo, wanda zai raka ni daminar nan. Sharaɗina ɗaya ne: ya zama dukansa yana cikin faifan, daga farko har ƙarshe, ba ya neman sabis ko sau ɗaya. Kafin Dogo ya tafi ya cika mini kunne da wani wai shi Dawakin Ƙarfe na Huɗu, wai an ba shi maki tara cikin goma alhali bai ma fito ba. Yaya ake yabon tukunyar da ba a sauke ba? Ni ban yarda da masu sharhin nan ba, sai ke. Abin da kika ce shi ke nan.

Kawunki.

Daga gari, ranar Asabar

Kawu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗi ƙwarai. Ina lafiya lau. Ido ya yi sauƙi, likita ya ba ni na ɗigawa, ya kuma yi mini faɗa irin naka sak. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, kuma don Allah ka daina saukowa matakala kamar wanda ake kora.

Dawakin Ƙarfe na Huɗu ka cire shi daga ranka. An sake ɗaga fitowarsa zuwa ƙarshen shekara, karo na biyu ke nan. Bai fito ba, amma har sun fara tallar ƙarin da za a saya daban a sauke: motoci goma sha biyu da hanyoyi uku. Wato a sayar maka da riga, a ce hannuwanta sai ka dawo. Masu ba shi maki taran nan kuwa na san yadda aka yi. An tara su a wani zaure mai sanyi, an ba kowa minti arba'in ya taɓa wurin da ya fi kyau, an cika musu ciki, sun fito suna rantsuwa. Ni ma an gayyace ni. Na ce ba na sharhin abin da ban ga ƙarshensa ba, shi ya sa ake ce mini mai taurin kai.

Ga naka nan cikin kwalin, sabo dal a ledarsa. Sunansa Rijiya Bakwai. Kai ne wani dattijo mai haƙar rijiya, kai da jakinka, a ƙasar da fari ya kore mutanenta. Duk ƙauyen da ka farfaɗo da rijiyarsa, sai ka ga mutanensa suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ana buɗe ƙofofi, hayaƙi na tashi. Babu harbi, babu gudu. Rijiya ta bakwai ita ce ta ƙauyen dattijon kansa. Ba zan ce maka komai a kanta ba, sai dai ni da na kai wurin na ajiye fad ɗin, wato abin danna wasan, a cinyata, na yi kuka har mai ɗinkin da ke ƙasan benenmu ya tsayar da kekensa ya leƙo yana tambayar wa ya rasu.

Kamfanin ya turo mini shi kai tsaye cikin na'urata mako biyu kafin ya fito, kamar yadda ake yi wa masu sharhi. Na buga shi da hannuna daga farko har ƙarshe, babu inda ya tsaya ya ce in sayi wani abu. A bayan kwalin ma an rubuta ba ya buƙatar sabis. Maki tara na ba shi, kuma ka san ni da rowar maki. Ka kwantar da hankalinka, na tsaya maka.

Ka tambayi masu karanta ni. An ce sun kai dubu arba'in, amma cikinsu babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin nan. Na ma daina duba abin da suke rubutawa a ƙarƙashin sharhina, don rabi zagi ne, rabi kuma faɗa suke da juna. Su Inna har yanzu tambayarsu ɗaya ce, yaushe zan samu aikin gaske. Kai kaɗai ne ka taɓa tambayata yadda nake yanke maki. Don haka kada ka ɗauka alfarma nake maka da nake rubutowa.

'Yarka, wadda ba tsinke ba ce yanzu.

Daga tasha, ranar Litinin

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau, gwiwa ta ji ruwan ɗumi ta yi ladabi. Allah Ya yi miki albarka, kwali ya iso. Direba ya ce tun da yake kawo mini kaya bai taɓa ganin haƙorana a waje ba sai ran nan.

Kai, Tsinke! Wannan wasa ina aka ɓoye shi? Na kafa wa kaina doka: awa ɗaya a yini, bayan awon la'asar, lokacin da batirin sola ya ƙoshi. Ko da rijiya ta kusa kawo ruwa, in awa ta cika sai in kashe. Abu mai daɗi ba a haɗiye shi gaba ɗaya. Yanzu ina rijiya ta uku. Jakin nan kuwa ɗan banza ne, ya ga ciyawa sai ya tsaya, ka ja ka ja ya ƙi. Na raɗa masa Dogo, don halinsu ɗaya.

Abin da ya fi kama ni shi ne dawowar mutanen. A ƙauye na biyu wata tsohuwa ce ta fara isowa, da ƙullin kayanta a ka. Ta wuce ni ta share ƙofar gidanta ta zauna. Na tsaya ina kallonta har awata ta ƙare ban haƙa komai ba. Kin san abin kunya? Da na kashe na'ura sai na ji na ce mata "sai da safe" a fili.

Yanzu in ina hawan matakala tunanina ɗaya ne, wa zai dawo a ta bakwai. Wani sa'in in ce matarsa, wani sa'in in ce ɗa ne da ya yi fushi ya tafi. Kada ki gaya mini. Ko na roƙe ki, ki ƙi.

Kawunki.

Daga tasha, ranar Litinin

'Yata,

Ina gaisuwa. Motar da ta wuce ba ta zo mini da taki ba, na ce wataƙila aiki ne ya sha kanki. Ina fata dai lafiya. Ni ƙalau nake.

Na farfaɗo da rijiya ta shida. Daga nan hanya ta hau wani tudu, ta kai ni wata ƙofar katanga mai ƙaton kwaɗo. Ta saman katangar ina hango rufin gidajen ƙauyen dattijo. Akwai mai gadi a zaune a kan dutse da sandarsa. Duk lokacin da na yi masa magana sai ya ce, "Ba yanzu ba. Ka dawo in ka shirya." Na je na dawo, na kwana na tashi, na canza wa jaki kaya, maganarsa ɗaya ce. Kwana huɗu ke nan.

Me ake kawo masa? Ba labarin ciki nake tambaya ba, hanyar shiga kawai.

Kawunki.

Daga gari, ranar Alhamis

Kawu,

Ina gaisuwa, ina lafiya, ka yafe mini shirun. Wasanni uku ne suka fito a mako guda, ina ta fama, ko wanki ban yi ba. A tsaye nake rubuta wannan don kada mota ta tafi.

Mai gadin nan ni ko tsayar da ni bai yi ba. Ina isa ya miƙe ya buɗe. Lallai akwai abin da ka baro a baya. Ka koma ƙauyukan shida ka duba da kyau, wataƙila wani ya ba ka saƙo ba ka isar ba. Haba Kawu, ko wanda ya fara riƙe fad jiya zai wuce ƙofar nan! Ko dai kai ma in aiko maka da na ɗigawar ne?

Sai na ji ka shiga.

'Yarka.

Daga tasha, ranar Laraba

Zuwa ga mai sharhi,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, idona ma ƙalau, na gode da tayin magani.

Mako shida na yi ina bin maganarki. Na koma ƙauyukan nan shida gida gida. Na yago takardu daga bayan littafin awo na zana taswirar kowanne, duk ɗakin da na shiga in sa masa alama. Na yi magana da kowane mutum sau uku. Na sauka cikin kowace rijiya har ƙasa. Dokar awa ɗaya ta rushe, na koma awa uku, huɗu, har ran nan na makara awon rana, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara goma sha ɗaya. Ina ta ce wa kaina, tsoho, kanka ya fara toshewa, yarinya ta ce ko sabon shiga zai wuce.

Jiya injiniyan da ke zuwa duba ƙofofin madatsa ya zo. Ya ga taswirorina a bango ya tambaya, na ba shi labari. Ashe shi ma ɗan hannu ne. Dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, ai rijiya ta bakwai ba ta cikin faifan. Ƙari ce, daban ake sayenta a sauke. In akwai sabis, kana yi wa mai gadin magana kanti zai buɗe maka. Duniya ta gama zagin kamfanin tun wata biyu da suka wuce." Ya ce masu sharhin da suka yaba wasan duk an toshe musu baki ne. Ban ce masa 'yata na cikinsu ba. Kunya ta hana ni.

Sharaɗi ɗaya tak na ba ki. Kika ce kin tsaya mini. Da na zo miki da kukana, sai kika mayar da ni wawa, kika tura ni neman abin da babu, kina zaune a gari inda kowa ya san gaskiya. In kin yi wa dubu arba'in ɗinki haka, wannan tsakaninku ne. Amma ni? Ni da kika san yadda nake zaune a nan?

Ki gaya mini, me suka ba ki? Ina so in san a nawa aka sayar da ni.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa a tsaye ba.

Mai auna ruwa.

Daga tasha, ranar Juma'a

Tsinke,

Ban san ranar da wannan za ta tafi ba. Kwana biyu bayan motar da ta ɗauki waccan wasiƙar, ruwa ya cinye gadar ƙasa. Ofis ya ce sai ya janye, wata ɗaya ko biyu. Abinci akwai, kada ki damu. Lafiyata ƙalau, sai dai barci.

Magana zarar bunu ce. Da ina da hali da na bi motar nan da gudu, da gwiwar tawa, na ƙwace takardar daga hannun direba. Har yanzu ban gane yadda aka yi ba, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Amma tambayar ƙarshen nan ba ta dace da bakina ba. Ke da kika ƙi zuwa zauren da ake cika wa mutane ciki.

Ban kunna na'ura ba tun ranar. Bayan awon la'asar sai in zauna a bakin ƙofa in kalli ruwa har magariba. Na gane wani abu da ban so ganewa ba: ashe rabin daɗin wasan nan shi ne tara abin da zan ba ki labari. Ina tsoro, 'yata. Ina tsoron gada ta gyaru, mota ta zo, direba ya miƙo mini buhu da galan, ya ce babu takarda.

Kawunki.

Daga gari, ranar Lahadi

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina fata ruwan nan bai taɓa ku ba. Na je ma'ajiyar motarku sau uku, suna ce mini hanya a yanke take. Zan bar wannan a hannun direba, duk ranar da aka buɗe ya kai maka. Jikina lafiya.

Ranar da na karanta wasiƙarka na ninke ta na jefa bayan kabad, na rantse ba zan sake rubuto maka ba. Kwana biyar ina kan rantsuwata. Zagin dubu arba'in bai taɓa hana ni cin abinci ba, layinka ɗaya ya hana ni.

A rana ta shida na ce bari in kama ka da hujja. Na je kanti na sayi faifai irin naka. Na ari na'urar wata abokiyar aikina, don tawa ta riga ta san ni. Na zare wayar intanet na ajiye ta a kan tebur inda zan riƙa ganinta. Kwana huɗu ina haƙa rijiyoyi. Na hau tudun, na isa ƙofar, na yi wa mai gadi magana ina jiran ya miƙe.

Ya ce, "Ba yanzu ba. Ka dawo in ka shirya."

Na sake dannawa ya fi sau ashirin. Ni minti goma na yi a gabansa na ji kamar in fasa allon. Kai ka yi mako shida.

Ga abin da ya faru. Wanda kamfani ke turo wa masu sharhi ba irin na kanti ba ne. Namu a buɗe yake zuwa, da duk wani ƙari a haɗe a ciki, babu alamar inda aka yi ɗinki. Mako guda kafin fitowa suka yanke rijiya ta bakwai suka mayar da ita abin saye daban. Sun sanar a layi na ƙarshe na wani dogon saƙo da na buɗe ban karanta ba. Mutane sun yi ta ihu a ƙarƙashin sharhina wata biyu, ni kuwa ina alfaharin ba na dubawa. Abin da aka rubuta a bayan kwali gaskiya ne, rijiya shida ba sa neman sabis. Ba su ba ni ko sisi ba. Ba su ma buƙaci su ba ni ba, sakacina ya yi musu aikin kyauta. Wannan ya fi ci mini rai.

Amma babban laifina ba wannan ba ne. Ka rubuto ka ce ƙofa a rufe take, ni kuma na fi yarda da abin da na gani a ɗakina fiye da abin da ka gani a naka. Har na yi maka ba'ar ido. Ka yafe mini.

Na goge makin, na rubuta gyara da sunana, na faɗi duk yadda aka yi. Na ce daga yau ba zan yanke wa wasa maki ba sai na buga irin wanda ake sayar wa mutane, da waya a zare. Kamfanin ya cire ni daga jerin waɗanda yake turo wa, wasu biyu ma sun bi sahu. Yanzu sharhina zai riƙa fitowa mako biyu bayan na kowa, lokacin da kasuwa ta watse. Shugabana ya ce mu gani zuwa ƙarshen shekara. Ban faɗi wannan don ka ji tausayina ba.

Hanya biyu na samo maka. Ko ka ba direba na'urarka, in sauke maka ƙarin, ta dawo a mota ta gaba, ka shiga da ƙafarka. Awa shida ce duka. Ko kuma ka buɗe ƙaramin ambulan da na liƙe a cikin wannan, na rubuta maka duk abin da ke bayan ƙofar, shafi tara.

In ka zaɓi ɗaya, ka ga ƙarshen, ka ga kuma ba ka da sauran abin da za ka ce mini, zan fahimta. Sai dai tambayar nan taka ta yi mini ciwo, kuma har yanzu tana yi. Gara in faɗa maka da in bar ta a ciki.

'Yarka.

Daga tasha, ranar Talata

'Yata Tsinke,

Assalamu alaikum. Gada ta gyaru, mota ta shigo yau da hantsi bayan kwana arba'in da bakwai. Lafiyata ƙalau, na ɗan rame ne kawai. Direba yana sauke buhu ina kallon aljihun rigarsa. Da ya ciro takardarki sai na shige ɗaki na bar shi da kayan, don kada ya ga fuskata. Na roƙe shi ya jira ni awa ɗaya, ga shi can yana shan shayi yana danna mini ham.

Za ki ga wasiƙa biyu. Ta farkon tun ruwa na sama na rubuta ta, ban canza ko harafi ba. Ki fara da ita. Abin da zan ƙara shi ne: na yi miki ƙazafi, ban da hujja sai dariyar wani baƙo. Ke kin yi kuskure, ni na yi zalunci, ba ɗaya ba ne. Ki yafe wa kawunki. Batun aikinki kuma ya tsaya mini a rai. Ni dai in an tambaye ni, sharhin da ya makara mako biyu ya fi wanda zai sa tsoho zanen taswira.

Ambulan ɗinki ga shi nan na dawo miki da shi a liƙe. Na ɗaga shi a rana sau biyu, ba zan yi ƙarya ba, amma takardar mai kauri ce. Na'ura kuma ba za ta je ko'ina ba.

Na yi lissafi ne. In na aiko ta, ta dawo, awa shida in gama. In na buɗe ambulan, minti ashirin. Daga nan fa? In ga wanda ya dawo wa dattijo, in kashe, in juya in ga gadon Dogo da kwalaye. A kwanakin nan arba'in da bakwai ban yi kewar rijiya ta bakwai ko sau ɗaya ba. Ke na yi kewa.

Don haka ga roƙona, in kin yarda. Taki na'urar ai mai gadi yana buɗe mata. Ki koma tudun, ki shiga a madadina. Amma kada ki yi gaban kanki. Ki yi tafiya kaɗan, duk inda hanya ta rabu, ko wani ya yi miki tambaya, ki tsaya cak, ki ajiye, ki kashe. Ki rubuto mini abin da kika gani: launin ƙofofi, abin da ke ƙasa, abin da jaki ya yi. Ni kuma in rubuto miki inda za mu nufa. Na san kin riga kin san komai, sai ki yi kamar ba ki sani ba. In na zaɓi hanyar banza, ki bi ta haka nan, kada ki gyara mini.

Kwata ɗaya, wato wasan minti goma sha biyar, a kowace mota ya ishe ni. Awa shida, in aka raba haka, za ta kai mu shekara ɗaya da 'yan watanni. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne ga mai aiki irin naki. In ya yi yawa ki faɗa, ba zan yi fushi ba. In kuma bai yi ba, to ga umarnina na farko.

Kafin ki wuce, ki tsaya ki gaida mai gadin nan, mun saba da shi, kuma ba laifinsa ba ne. In kin shiga, kada ki nufi rijiya. Ki ja jaki ki bi layin gidajen a hankali, ki nemo mini gidan dattijon. Ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki shiga tukuna. Ki gaya mini ko akwai sawun ƙafa.

Direba zai fasa mini kunne. Ina jiran mota.

Kawunki.